Alhakin wanda bai ɗauki makami ba

Ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan sojoji sun tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, shugabannin ƙasashen CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, suka hallara a Abuja suka yanke wa Nijar hukunci. Aka ce a rufe iyakokinta ta ƙasa da ta sama, a daina ciniki da ita, a riƙe kuɗinta da ke bankunan yankin, sannan aka ba sojojin mako guda su mayar da shugaban kan kujerarsa ko a zo musu da ƙarfi. Cikin 'yan kwanaki Najeriya ta katse wutar lantarki, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke sha daga can take zuwa. Ranar 10 ga Agusta aka ba da umarnin rundunar ko-ta-kwana ta ɗaura ɗamara.

Yaƙin bai auku ba, sojan CEDEAO bai taka ƙasar Nijar ba. Amma mutanen Sassumbrum da Magarya da Dungas, waɗanda ke cin kasuwar Maigatari da Babura da Mai'aduwa, suke da surukai da 'yan'uwa a Baure da Zango da Daura, sun wayi gari cikin halin da ba shi da maraba da na yaƙi: hanya a rufe, kuɗin tiya na hawa, magani na ƙaranci, ga zullumin abin da gobe za ta haifar. Ba wanda ya yi shawara da su kafin juyin mulki, ba wanda ya tuntuɓe su kafin takunkumi. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A sha'anin yaƙi ba kasafai maganar ke tabbata ba, domin wanda ya ja ruwan yana cikin soro, na tsakar gida ne ke jiƙewa.

Tambayoyin da wannan hali ke tayarwa guda uku ne. Shin ya halatta a cutar da wanda bai ji ba bai gani ba domin a kai ga mai laifi? In an ce wani lokaci babu makawa, ina iyakar abin? In kuma an riga an cutar da shi, me yake bin wanda ya cutar da shi?

Ƙasar da ke kan hanyar dawaki

Ba yau talakan wannan yanki ya fara biyan bashin da bai ci ba. Ƙasar da ta shimfiɗu tsakanin Zindar da Kano hanyar mahaya ce a ƙarni na 19. Damagaram ta bunƙasa a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya tara bindigogi da igwa ya kewaye Zindar da ganuwa, ta kuma daɗe tana gwabzawa da masarautun da ke bin Sakkwato. A ƙarshen ƙarnin Sarki Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi har Gezawa, a bakin birnin Kano, zamanin Sarki Alu. Maroƙa sun adana sunayen sarakuna da barade. Manomin da dawaki suka cinye wa rumbu, da matar da aka kama a bakin rijiya aka sayar, ba su samu shiga kirari ba.

Sai Turawa suka zo da nasu salon. A 1899 wasu hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, suka ratsa ƙasar Hausa da ayarin soja da 'yan dako sun nufi Tafkin Cadi. Garin da ya hana su hatsi ko ruwa ko masu ɗaukar kaya sai wuta. Sun gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu a watan Afrilu, suka yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi a watan Mayu. Labari ya kai Faris, aka turo Kanar Klobb ya karɓe ragamar ayarin, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli a Dankori, kusa da Tasawa. Bayan 'yan kwanaki sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su biyun a wajajen Maijirgi. Ragowar rundunar ce ta ci Damagaram a Tirmini ta shiga Zindar a ƙarshen watan. Gawar Klobb ta fi girgiza Faris a kan gawarwakin Ƙonni. Daga bisani aka rufe maganar da cewa zafin ƙasa ne ya taɓa wa mutum biyu ƙwaƙwalwa, aka riƙe ƙasar da suka ci, ba a biya kowa komai ba. Wannan dabara ta ware ɓarna a ce ta wasu tsiraru ce, a kuma ci ribarta, har yau ba ta tsufa ba.

Kada kuma a ɗauka baƙi ne suka koya mana tuhumar mai takobi. A farkon ƙarni na 19 Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno ya rubuta wa jagororin jihadin Sakkwato yana neman hujjar yaƙar mutanen da ke salla da azumi da bautar da 'ya'yansu. Muhammadu Bello ya ba shi amsa, ya kuma adana wasiƙun a littafinsa Infaƙul Maisuri. Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa ya taɓa barin sansani ya nufi gabas har ya yada zango a Kano, saboda kwaɗayin ganima da mulki da ya gani a cikin rundunar da yake jagoranta. Tun yaƙi na kan ganiyarsa malamanmu ke tambayar abin da ake yi wa mutanen da ke gefe.

Abin da shari'a da doka suka shimfiɗa

A Musulunci maganar ba ta da duhu. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an tsinci gawar wata mace a ɗaya daga cikin yaƙoƙi, Annabi (SAW) ya yi tir da hakan, ya hana kashe mata da yara. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, akwai wasiyyar da Halifa Abubakar ya yi wa Yazidu ɗan Abu Sufyan sa'ad da yake raka rundunar Sham. Bayan mata da yara da tsofaffi tukuf, ya hana sare itace mai 'ya'ya, da rushe mazauni, da yanka dabba in ba don ci ba, ya kuma ce a ƙyale masu ibada a ɗakunan ibadarsu. Rabin wannan jeri a kan abin da rai ke dogara da shi yake magana. Wanda ya hana sare itace mai 'ya'ya ya san mutum na iya tsira daga takobi, yunwa ta kashe shi bayan an tashi yaƙi.

Dokar ƙasa da ƙasa ta iso wannan matsayi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. An sa hannu kan yarjejeniyoyin Janeba huɗu ranar 12 ga Agustan 1949, ta huɗunsu kacokan a kan farar hula take. A 1977 aka ƙara musu ƙa'idoji biyu, ɗaya kan yaƙi tsakanin ƙasashe, ɗaya kan yaƙin cikin gida. Nijar ta amince da yarjejeniyoyin a 1964 da ƙarin a 1979, Najeriya kuwa a 1961 da 1988. Ginshiƙan dokar uku ne. Dole a bambanta mayaƙi da wanda ba mayaƙi ba, in kuma ana shakka a ɗauki mutum a matsayin farar hula. Dole a auna, kada ɓarnar da ake hasashen za ta faɗa wa farar hula ta zarce amfanin da ake nema a harin. Dole a yi taka-tsantsan, a tabbatar da abin da za a harba, a zaɓi lokaci da makamin da za su rage ta'adi, a fasa in an ga lissafi ya canza. An kuma haramta mayar da yunwa makami, da lalata gonaki da dabbobi da wuraren ruwan sha. A 2018 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya jaddada wannan a ƙuduri mai lamba 2417.

Inda gizo ke saƙar shi ne, shari'a da doka duk sun bar rangwame ga ɓarnar da ba ita aka nufa ba. Malaman fiƙihu sun tattauna halin da abokin gaba zai yi garkuwa da fursunoni, Imamu Gazali ya kawo misalin ya gindaya masa sharuɗɗa masu tsauri, wato larurar ta zama tabbatacciya kuma ta shafi al'umma baki ɗaya. Malaman Kirista, tun daga Thomas Aquinas, sun bambanta abin da mutum ya nufa da abin da ya biyo bayan aikinsa ba da nufi ba. An bar wannan rangwame don ranar da hanya ta ƙare. A aikace ya zama uzurin da ake fara kawowa.

Mutuwar da ke saukowa daga sama

Ranar Juma'a 18 ga Fabrairun 2022, bam ya faɗa ƙauyen Nachade da ke gundumar Madarunfa a jihar Maraɗi, 'yan kilomitoci daga iyakar Najeriya. Gwamnan Maraɗi na lokacin, Chaibou Aboubacar, ya ce jirgin sojan Najeriya ne da ke farautar 'yan bindiga, kuma yara bakwai sun rasu, biyar sun jikkata. Huɗu nan take suka cika, uku a kan hanyar asibiti. Iyayensu suna wurin wani biki. Hukumomin sojan Najeriya suka ce suna bincike.

Kafin nan, ranar 17 ga Janairun 2017, jirgin yaƙin Najeriya ya jefa bama-bamai kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann, jihar Barno, a daidai lokacin da ma'aikatan agaji ke aiki. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ƙirga aƙalla mutum 90, cikin mamatan har da ma'aikatan Red Cross shida. Binciken soja ya ce ba a yi wa sansanin alama a taswirar da ake aiki da ita ba. A daren 3 ga Disamban 2023, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya afka wa masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi a jihar Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ce an binne mutum 85, Amnesty ta ce sun haura 120. Waɗanda suka tsira sun ce bam na biyu ya sauka ne ana cikin kwasar gawarwakin na farko. A Nijar ma, a Janairun 2024, hukumomin soja sun amsa cewa harin sama da suka kai Tiyawa a jihar Tilaberi ya rutsa da farar hula.

A duk waɗannan wurare an ce ba da gangan ba ne, kuma babu dalilin ƙaryata hakan. Ba wanda ya tashi da safe da niyyar kashe yaran Nachade. To amma niyya ba ita kaɗai ake tambaya ba. Me aka yi kafin a danna? Rann gari ne da sojoji ke gadi, dubban mutane na zaune a ciki, yaya aka yi bai shiga taswira ba? Taron dare a ƙauyen Hausa yakan zama Mauludi, ko biki, ko wa'azi, ko zaman makoki, kuma mai unguwa ɗaya ya isa ya warware shakkar. Wa aka tambaya?

Akwai wata gaskiya da ba a cika faɗa ba. Ana zaɓen hari ta sama ne saboda yana kare ran soja, ba sai an tura yara cikin daji an yi musu kwanton ɓauna ba. Sai dai haɗarin da aka ɗauke wa sojan bai ɓace ba, an juye shi ne a kan waɗanda ke ƙasa. Masanin falsafar nan Ba'amurke, Michael Walzer, ya yi bayani a littafinsa na 1977 cewa rashin nufin kashe farar hula bai wadatar ba, sai an ga mayaƙi ya nemi kare su da gaske, ko da hakan zai ƙara masa haɗari. Wannan ma'auni ne mai kyau, domin ana iya gwada shi. Wanda ya jinkirta hari har ya tabbatar, ko ya bar ɗan bindiga ya sulale don kada ya haɗa da yara, ya nuna niyyarsa a aikace. Kuskuren da ke maimaita kansa shekara da shekaru, a jiha bayan jiha, ba tare da an canza yadda ake aiki ba, ya tashi daga kuskure ya koma sakaci.

Yunwa, hanya da wuta

Wanda bam ya kashe ana ganin gawarsa. Wanda rufe hanya ya kashe, a takardar asibiti zazzaɓi za a rubuta. Domin a gane nauyin takunkumin 2023, sai a dubi lokacin da ya faɗo da kuma wurin da ya faɗa. Ƙarshen Yuli tsakiyar damina ce, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, sauro kuma ya yi yawa. A irin wannan lokaci, ko ana zaune lafiya, sashen yara na asibitin Magarya kan cika ya batse. A Satumban 2018 MSF, wadda ke aiki a can tun 2005, ta sanar cewa yara 730 ne ke kwance, kuma a watan da ya gabata ana rasa kimanin goma kowace rana.

Uwa ta iso da yaro a goye, a kan babur ko amalanke. Ma'aikaci ya zagaya masa siririn ma'auni mai launi uku a dantse. In ya tsaya a ja, wato kaurin bai kai milimita 115 ba, tamowa ta yi tsanani. A latsa masa bayan ƙafa da babban yatsa, in gurbin ya zauna kumburi ne. A soki yatsa a auna zazzaɓin cizon sauro. In jini ya yi ƙasa sai ƙarin jini, shi kuwa a firji yake. In numfashi na sarƙewa sai na'urar iska, ita kuma da wuta take aiki. Madarar magani da allurai da ruwan ƙari a mota suke zuwa, motar kuma hanya take bi. Ran yaron yana rataye da abu biyu, wuta da hanya, su ne kuma abubuwan da takunkumin ya fara taɓawa. A watannin takunkumin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi ta kokawa cewa dubban tan na abinci da kayan agaji sun maƙale a tashar Kwatano da kan iyakar Benin. A watan Oktoban 2023 gwamnatin Nijar ta zabtare kashi 40 cikin ɗari na kasafin kuɗinta.

Takunkumi ba yaƙi ba ne a idon doka, shi ya sa yarjejeniyoyin Janeba ba su hau kansa kai tsaye ba. Masu goyon bayansa kuma suna da hujja: in aka bar duk mai bindiga ya hamɓarar da zaɓaɓɓe ya kwana lafiya, gobe wani zai yi, kuma matsin tattalin arziki ya fi zubar da jini sauƙi. Amma CEDEAO ɗin nan, da ta ƙaƙaba wa Mali takunkumi a Janairun 2022, ta keɓe abinci da magani da man fetur da wutar lantarki. A kan Nijar ba a yi wannan keɓewa ba. Ke nan an san hanyar sassauci, barin ta aka yi. Lissafin a fili yake: a matse talaka har ya tashi ya matse soja. Wannan mayar da mutum abin bugu ne don a ji wa wani ciwo.

Sira ta adana abin da ya yi kama da haka. Sumamatu ɗan Usal, shugaban Banu Hanifa, da ya musulunta sai ya hana hatsin Yamama shiga Makka, a lokacin Ƙuraishawa na gaba da Musulmi. Da yunwa ta matsa musu suka aika wa Annabi (SAW) suna roƙo da zumunci, shi kuwa ya umarci Sumamatu ya sake musu hanya. Da irin wannan ruhi ne mutanen arewacin Najeriya suka tashi a Agustan 2023. Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan yaƙi, Muhammadu Sanusi na Biyu ya je Yamai tare da Sarkin Damagaram, tawagar malamai ƙarƙashin Shaikh Bala Lau ta gana da jagoran sojojin da suka yi juyin mulkin, Janar Tiani. A Fabrairun 2024 Janar Yakubu Gowon, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CEDEAO a 1975, ya roƙi a ɗage takunkumin. Shi ne mutumin da gwamnatinsa ta killace Biyafara tsakanin 1967 da 1970, inda ƙiyasin waɗanda yunwa ta kashe ya kama daga dubu ɗari biyar zuwa miliyan biyu, inda kuma likitocin Faransa da suka kafa MSF a 1971 suka ga abin da ya hana su yin shiru. Ranar 24 ga Fabrairu aka ɗage, da sunan jinƙai. A ranar Bazoum na nan a tsare, Nijar kuma ta riga ta sanar da ficewa daga ƙungiyar. Talaka ya biya, abin da aka nema bai samu ba.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Waɗanda suka karɓe mulki da bindiga sun san abin da zai biyo baya, suna da kasonsu na alhaki. Gwamnatocin Nijar ma sun taɓa matse nasu da hannunsu. Bayan hare-haren Boko Haram a Boso da Difa a Fabrairun 2015, dokar ta-ɓaci ta hana hawa babur da cinikin tattasai da kifin Tafkin Cadi, don a toshe wa mayaƙan hanyar kuɗi, alhali da su jihar Difa ke ci. Bayan harin tsibirin Karamga na 25 ga Afrilu, aka umarci mazauna tsibiran su tashi cikin 'yan kwanaki, kimanin mutum 25,000 suka fito, da yawa a ƙafa, cikin zafin bazara. Doka ta yarda a tayar da mutane don tsaronsu, amma da sharaɗin a tanadar musu matsuguni da ruwa da abinci. A Fabrairun 2025 kuma hukumomin Yamai suka sallami ƙungiyar Red Cross ta duniya daga ƙasar.

Hujjar mai kaki

Adalci ne a saurari soja. A Disamban 2019 an kashe sojojin Nijar 71 a Inates, a Janairun 2020 aka kashe 89 a Shinagodar. 'Ya'yan talakawa ne su ma. Abokin gabarsu ba ya sa kaki, da jama'a yake cakuɗa, kuma shi da gangan yake kisa: mutum sama da 100 a Coma Bangu da Zarumdarai ranar 2 ga Janairun 2021, mutum 137 a yankin Tiliya ranar 21 ga Maris na shekarar, masallata 44 a Fambita ranar wata Juma'a cikin azumin 2025. Wanda ya kewaye masallaci ya buɗe wuta da wanda ya yi kuskuren taswira ba a ma'auni ɗaya suke ba, kuma duk mai garkuwa da jama'a shi ke da kaso mafi girma na abin da ya same su.

Sai dai laifin ɗan ta'adda ba ya zama lasisi ga hukuma. Ita ce ta karɓi haraji ta yi rantsuwar kare rayuka. Ɗan ƙauyen da ke tsakanin wuta biyu, in ya biya 'yan bindiga kuɗin noma a ce yana tare da su, in ya ƙi su ƙone masa rumbu, in ya kai rahoto su yanka shi. Mai sayar da fetur a kwalba, da mai cajin waya, da matar da aka tilasta ta dafa abinci, ba mayaƙa ba ne. A Satumban 2020 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Nijar ta ce ta gano gawarwaki aƙalla 71 a kaburbura shida a yankin Inates, ta ɗora alhakin kan wasu jami'an tsaro, gwamnati kuma ta musanta. Ko ta fuskar dabarar yaƙi irin wannan asara ce. A binciken da hukumar UNDP ta wallafa a 2017, kashi 71 cikin ɗari na waɗanda suka shiga ƙungiyoyin tsattsauran ra'ayi sun ce wani mataki na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki, shi ne ya ingiza su a ƙarshe.

Bashin da ke kan mai ƙarfi

Tambaya ta uku ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali amsarta ta fi fitowa fili. A Suratun Nisa'i, aya ta 92, kisan kuskure yana da diyya da kaffara. Rashin niyya yana ɗauke ƙisasi, ba ya ɗauke biya. Bayan cin Makka, Khalidu ɗan Walid ya kashe mutanen Banu Jazima bisa mummunar fahimta. Annabi (SAW) ya barranta daga aikin a bainar jama'a, bai duba cewa babban kwamandansa ne ba, sannan ya aiki Sayyidina Ali da dukiya ya biya diyyar rayuka da kayan da aka lalata. Masu sira sun ce har kwanon da kare ke shan ruwa sai da aka biya. Ƙarin yarjejeniyar Janeba na farko ma ya ɗora wa ƙasa alhakin abin da sojojinta suka aikata da biyan diyya in sun karya doka.

Daga nan ana iya zayyana abin da farar hula ke bin hukuma. A ƙirga mamata, a faɗi sunayensu. A yi bincike da hannun waɗanda ba su da kaso a laifin, a kuma karanta sakamakon kowa ya ji. A biya diyya a matsayin haƙƙi, kada a miƙa buhun shinkafa da sunan jaje a ce an gama. A hukunta mai sakaci, a gyara yadda ake aiki. A Tudun Biri an ɗan taka wani mataki: babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Janar Taoreed Lagbaja, ya je ya nemi gafara, a Mayun 2024 kuma aka sanar cewa jami'ai biyu za su fuskanci kotun soja. Ya kamata wannan ya zama mafi ƙarancin abin da ake yi a ko'ina, har a ƙauyen da 'yan jarida ba su isa ba. Kafin kuma a sa wa wata ƙasa takunkumi, a fara rubuta abin da ba za a taɓa ba: abinci, magani, wuta, da hanyar masu agaji.

Mu ma da ba mu riƙe da bindiga akwai namu. Muna yin alƙunutu saboda yaran Gaza da na Sudan, kuma daidai ne. Amma in bam ya fito daga jirgin gwamnatin da muke so, ko mamatan suka kasance 'yan ƙabilar da muke zargi, sai baki ya mutu a ce ƙaddara ce. Imani da ƙaddara bai taɓa soke diyya ba. Limamin da zai yi huɗuba kan zaluncin nesa ya kamata ya iya ambaton na kusa, ko Bafulatani aka kashe ko Bahaushe, ko soja ne ya yi ko ɗan sa-kai.

Diyya ba ta dawo da rai, masu shari'a ma sun san haka. Amfaninta shi ne tana sa ran talaka ya yi tsada a lissafin mai ba da umarni. Muddin kashe shi bisa kuskure ko jefa shi cikin yunwa ba ya jawo wa kowa asara, za a ci gaba da yi, a kuma ci gaba da ba da haƙuri. Ranar da kwamanda ya san zai tsaya gaban alƙali, baitulmali kuma ya san zai biya, za a duba taswira sau biyu kafin jirgi ya tashi.